Su Ba Su Rushe Tasu Ba

Muna idar da sallar asuba muka hau kekuna, mu uku, daga ƙauyenmu na gefen Ikara, za mu Hunkuyi ta'aziyya. Shekara ta uku ke nan da samun mulkin kai, amma hanya tana nan yadda take, rami na bin rami. A Makarfi muka sha kunu, muka sayi mazarƙwaila ta taro, wato kwabo uku. Ɗayanmu ya ce tsarabar yara ce, kafin mu wuce gonakin rake ya cinye rabi.

Mun gama gaisuwa ke nan ruwa ya tsuge, muka ruga wata doguwar rumfa a bakin kasuwa. Ina shiga na gane ta. Rumfar awon auduga ce ta zamanin Turawa, bangon dutse, rufin kwano, irin tamu sak. An share ta, an shafe ta da farar ƙasa, magidanta sun jeru a benci suna koyon karatu. Tsohon sikelin ma yana rataye.

Na yi ta ɗaga kai ina neman inda take yoyo don in ji sanyi a raina. Ko ɗigo babu.

Dattijon da ke gadinta ya matso, ya tambayi ƙauyenmu muka faɗa masa. "Samarinmu sun so rushe ta, wai ginin Nasara ne," in ji shi. "Na ce Nasara dai ya tsaya da hularsa, iyayenku suka ɗauko dutsen nan a ka. Malam, taku fa? An ce ta fi wannan girma."

"Iska ce ta kwashe ta, Baba," na ce.

Abokan tafiyata suka sunkuyar da kai. Sun san ranar da muka rushe tamu ni na fara hawa na zare ƙusa, ana guɗa ana kiɗa. Mahaifina kuma yana cikin waɗanda suka ɗauko mata dutse.

A hanyar komowa na yi ta kushe Hunkuyi: tuwonsu ya yi ruwa, mutanensu sun cika alfahari.

Da la'asar sakaliya muka iso gida. Tafiyar nan ta nuna mini cewa haushin Bature muka huce a kan gumin iyayenmu. Na jingine keke, na tsaya ina kallon rabona na ranar rushewar: kwanon rufi biyu, a kan garken awakina.