Hoton Surukata Daga Bayan Rumbu

Mun tashi daga Ƙanƙara ranar Asabar da ƙarfe shida da kwata na safe. Mu uku ne a motar: ni, da yayan matata, da direba. Shida daidai muka yi alkawari, amma direba ya tsaya shan koko, kuma na faɗa masa abin da ya kamata ya ji.

Dalilin tafiyar ɗaya ne. Matata ta yi nauyi, ba ta iya doguwar hanya, sai ta roƙe ni in je Sabuwa in ɗauko mata hoton mahaifiyarta. Hajiya ta tsufa ƙwarai, kuma duk gidanmu babu hotonta sai wani na waya wanda ba ka bambance ta da labule.

Kyamara ina da ita, gilashin gabanta ne ya fashe. Wani mai shagon hoto ya ba ni aron guda biyu in gwada, in zaɓi wanda zan saya. Na farko gajere ne, ba ya motsi. In kana son abu ya matso, kai za ka taka ka same shi. Na biyu mai zum ne, ana murza shi ya jawo nesa kusa, ko ya buɗe ya ɗauki fili duka. Mai shagon ya ce gajeren ya fi fitar da hoto tas. Tun a gida na yanke hukunci a kansa. Mai zum kuwa na ɗauke shi kayan malalata, waɗanda ba sa son taka ƙasa.

Hanya kam sai haƙuri. Masu babura na wuce mu da buhunan masara, mu muna zagaye ramuka kamar masu neman allura. A Mairuwa muka tsaya karin kumallo. Wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma, amma miyar taushen ba laifi. Nan na hango wani bajimi mai kyan ƙaho, na ce bari in fara gwaji da gajeren. Na matsa, na ƙara matsawa. Bajimin bai yarda da tsarin ba. Ban san lokacin da na haye bencin mai shayi ba, kuma abin da ya fito a hoton hanci ne kawai. Duk da haka ban canza ra'ayi ba.

Mun shiga Sabuwa kafin azahar. Na tsugunna bakin ƙofa na gaida Hajiya, ta amsa daga bayan labule kamar kullum. A nan na tuna abin da ban sa a lissafi ba. Matata ce babbar 'yarta mace, kuma tunda na aure ta, ni da Hajiya ba mu taɓa haɗa ido ba.

Ta yarda da hoton. Ta ɗaura sabuwar atamfa, aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Daga bakin zaure na leƙa ta gajeren gilashi, na gan ta 'yar mitsitsiya kamar ɗan tsako. Na matsa gaba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai. Mai hoto na kallon ƙasa, wadda ake ɗauka ta lulluɓe. Na danna a haka, takalmana suka fito tas, kamar yadda mai shago ya yi alkawari.

Ba na ba kowa kyamarata, amma na miƙa wa yayan matata. Ya ɗauki atamfar da kyau, ya bar kan a waje.

Sai Hajiya ta ce wa ɗanta, "Ka ce mashi in hoto yake so, ya koma can bayan rumbu. Ni ban iya zama suruki na tsaye bisa kaina kamar wanzami."

Na koma bayan rumbu cikin awaki, na ɗaura mai zum, na murza. Fuskarta ta zo har gabana, ni kuwa ban motsa ba. Can sai matan gidan suka kewaye ta suna dariya. Na ƙara murzawa in ga dalili. Ashe ludayi ta kara a ido, ta ranƙwafa, tana sunkuyar da kai tana leƙe. Ni take kwaikwaya. Ta sauke ludayin tana dariya har da riƙe ciki, na danna.

Mun ci tuwon dawa muka kamo hanya da wuri, don ba a yin dare a hanyar nan. Kafin magariba muna gida. Matata ta kalli hoton ta yi dariya, daga baya dariyar ta koma hawaye. Ta ce haka ta san uwarta tun tana yarinya.

Abin da na koya shi ne: akwai wurin da ƙafa ba ta isa, ba don nisa ba. Na mayar da gajeren, na sayi mai zum, kuma shi nake ba matafiyi shawara.

Hoton yanzu yana rataye a falona. Roƙona ga duk wanda zai zo gaida mai jego: ku kalla, ku yi wa Hajiya addu'a, amma kada wanda ya tambaye ni abin da take wa dariya.