Wanda Nake Saurare da Ido

Ranar Talata, 11 ga Maris, 'yarka Glenda ta turo mini saƙo a rubuce, don ta san kiran waya ba ya yi mini amfani: ka rasu da safe, kana da shekara tamanin da ɗaya. Norris Sutcliffe, sai da na karanta sau uku kafin na samu wuri na zauna.

A wata masaƙa a garin Todmorden na ƙasar Ingila muka haɗu, injinka yana kallon nawa. Ƙarar injuna ta fara cin kunnuwanmu tun muna matasa, shi ya sa duk ma'aikata muka koyi magana da leɓe, babu murya. Abin da ka fara ce mini shi ne, "Ke, zarenki ya tsinke, kin tsaya kallon maza." Na rama, kuma shekara sittin ban daina ramawa ba.

Kai ka ja ni hawan tudu ranakun Lahadi, wai mu fitar da ƙurar auduga daga ƙirji. Aka rufe masaƙa, tsuntsaye suka gaje bututun hayaƙinta, mu ba mu fasa ba. A can sama iska kan kwashe maganar kowa, 'yan ƙungiyarmu ta tafiya suna ta ihu a banza, mu kuwa muna gulmarsu hankali kwance. Ranar da na doshi bakin tsohon ramin kwal ban sani ba, kana ƙetaren rafi, leɓenka kawai na gani: "Tsaya nan, uwar taurin kai, ban shirya jana'iza ba."

Abokan aikinmu duk sun riga mu gidan gaskiya. Kunnena ya ƙarasa mutuwa shekara goma da suka wuce, amma ban damu ba, tunda kana nan.

Lahadin da ta wuce na hau tudu da 'yan ƙungiya. Mutanen kirki ne, suna rubuta mini magana a takarda. Na hango wani da sabon takalmi ya nufi laka yana taƙama, na juya hagu, gefen da ka saba tafiya, na faɗi abin da ya dace da shi. Babu kowa a wurin. Ina kewarka, Norris, kewar da na rasa inda zan ajiye ta.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu. Ya ba matarka Mavis da Glenda da jikokinka haƙuri. Ni kuma ya ba ni juriya, don sai yanzu na kurmance.