Mayen Ƙarfen Kawu Ɗanlami a Jirgin Makka

Tun da ma'aikacin jirgin ya sake fitowa daga wajen matuƙa yana leƙen kayan mutane, fuska ba walwala, na san akwai magana. Na duba taga, ba gari ba itace, sai rairayi. Kawu Ɗanlami kuwa yana gefena a kujerar gaba, jingine da bangon matuƙa, yana gyangyaɗi abinsa.

Ku da kuka san marigayin a Paki kun san ba a raba shi da mayen ƙarfensa. A jikin wata matacciyar mota ya ciro shi a Ikara, ya ɗaura masa igiya. Tela ne, amma da kasuwar Makarfi ta watse sai ya bi rumfuna yana jan abin nan a ƙasa kamar akuya, ƙusoshi da allurai na manne masa. Mahauta su ce, "Ɗanlami, yau me akuyar ta ci?" Ya ce, "Abin da kuka zubar. Ba ta raina abinci irinku."

Ran bikin Yaya Talatu a Kudan allura ta faɗa tukunyar miya. Mata suka ce a zubar. Kawu ya ce, "Miyar da aka yanka wa kaji?" Ya wanke mayen tas, ya zura, ya fito da allurar har da wani murfin gwangwani da ba a san da shi ba. Allurar kuma ya soke ta a hularsa, wai ladan aiki.

Da zai tafi Makka aka haɗa shi da ni in yi masa tafinta, tunda na yi sakandare. A filin jirgin Kano aka ce duk mai mayen ƙarfe ya miƙa a sa can baya cikin kaya, don yana ruɗa kamfas, allurar da ke nuna wa matuƙi hanya. Na fassara masa sarai. Ya ce, "Na ji, 'yar boko." Ashe tun a gida ya sa baduku ya ɗinke mayen cikin jar fata, ya yi ɗamara da shi. Masu bincike suka ɗauka laya ce, ba wanda ya kai hannu.

To, ma'aikacin nan ya sunkuyo wajena ya ce a hankali kamfas ɗinsu ya karkace, matuƙi bai yarda da inda yake nunawa ba, in tambayi mutanena ko wani na da mayen ƙarfe. Ban buɗe baki ba makullan da ke lilo a ƙugunsa suka yi tsalle suka manne a kan cikin Kawu.

Na girgiza shi. "Kawu, don girman Allah, me za ka yi da shi a Makka?"

"Kin san yawan allurar da alhazai ke zubarwa a Mina?"

"Kawu, ɓata za mu yi a sahara, mai ya ƙare mana."

"Jirgin da ƙarfen tela ke ruɗawa, shi aka cika mana baki da shi?"

Sai ya ga hawayena. Bai dai bayar ba. Ya ce duk inda za a kai abin, a kai su tare. Haka ya bi ma'aikacin har wutsiyar jirgi, ya zauna bakin ƙofar bayi, ya rungume cikinsa.

Ni kuwa ba abin da nake sai hasbunallahu. Wajen la'asar ma'aikacin ya dawo ya ce, "Malama, kwantar da hankalinki. Allura ta daidaita, mun kama hanya."

Na lallaba baya na gaya wa Kawu. Ya share mini fuska da hannun rigarsa, ya ce, "To ya isa, Hajjo. Ni na ɗauko ki daga hannun uwarki, ni zan mayar mata da ke."

Ya kuwa mayar. Allah ya jiƙan Kawu, ya karɓi hajjinsa, ya sa ya huta.