Ranar da Aka Ƙi Karɓar Jinin Lyle

Tsoron ya kama Marnie ne a cikin motar karɓar gudummawar jini, wadda ke tsayawa bakin cocin garinsu a jihar Montana ta Amurka duk bayan wata biyu. Ta raka mahaifinta, Lyle Brandvold, don kawai zaman gida ya ishe ta tun da ta gama jami'a. Doreen, ma'aikaciyar jinya, ta huda masa ɗan yatsa, ta sa ɗigon jinin a na'ura, ta duba. Ta sake huda wani yatsan.

"Lyle, yau ba zan ɗiba ba. Jininka ya yi kauri da yawa. Ka je ka ga likita."

"Haba Doreen, kullum kuna roƙon jini, yau an kawo miki mai maiƙo kina yanga?"

Doreen ba ta yi dariya ba. Wannan ne ya tsorata Marnie.

Shekarun Lyle hamsin da bakwai, talatin da huɗu daga ciki ya yi su ne a duƙe ƙarƙashin dawakin mutane, yana buga musu takalmin ƙarfe. Wajen kawunsa ya koya. Da ya ɗaga kofato zai gaya maka a wane irin fili dokin ke kiwo, da ko mai shi malalaci ne. Shekara biyu da suka wuce ƙarfinsa ya fara zubewa, doki uku sai ya nemi wurin zama. Likita ya auna shi, ya ce testosteron ɗinsa ya yi ƙasa, wato sinadarin nan da ke ba namiji gemu da ƙarfin dantse. Ya rubuta masa man shafawa, matsa biyu a kafaɗa kowace safiya. Lyle ya dawo yana gama doki takwas kafin la'asar.

A hanyar gida Marnie ta tsare shi da tambaya.

"Baba, matsa nawa kake yi?"

"Huɗu. Wani lokaci biyar, in aiki ya yi yawa."

"Likita bai gani a awo ba?"

Ya sosa ƙeya. Hoyt ne, abokinsa mai gyaran tarakta, ya koya masa dabarar a teburin da suke shan kofi. Kwana kaɗan kafin ranar awo sai ka je ka ba da jini, lambar kaurin jinin ta sauka, likita ya ce madalla. Juyen mai suke kiran abin, kamar na injin mota.

"Kowa a teburin nan haka yake yi, 'yar Baba. Ga lada, ga biskit kyauta."

Abin da ya fi damun Marnie shi ne ta san amsar tun tuni, har ta rubuta ta a jarrabawa a jami'a. Sinadarin kan sa ɓargo ya ƙara yin jajayen ƙwayoyin jini. In yana daidai, yana taimaka wa jijiyoyi su saki. In ya wuce kima, jinin ya yi kauri, zuciya ta riƙa tura shi da ƙyar, wata rana kuma ya iya daskarewa a ƙafa ko a ƙwaƙwalwa. Amma ba ta taɓa haɗa wannan da jar fuskar mahaifinta ba, ko ciwon kan da yake ɗora wa zafin maƙera. Ta kama kanta tana kallon jijiyar da ta taso a bayan hannunsa bisa sitiyari, tana son sanin me ke wucewa a cikinta.

A asibiti Lyle ya faɗi gaskiya, kansa a sunkuye. Likitar da suka samu a can ta ce ya dakatar da man shafawar, ta rage masa jini, ta auna bugun zuciyarsa. Ta ce akwai abin da bai yi mata ba. Ko da matsa biyar ne, kaurin ya zarce yadda take tsammani. Sai an bincika ko man ne kaɗai, ko kuwa ɓargon kansa ne ke da cuta. An aika jinin birni.

Hoyt ya zo dubiya da hularsa a hannu.

"To, babban likita, ka zo yi mini juyen mai?" in ji Lyle.

"Rufa mini asiri, tsoho. Ni ma na je an ɗebi nawa jiya."

Yau Talata. Lyle yana bayan gida yana wasa wuƙar kofato, ko da yake an hana shi aiki. Marnie ta ajiye wayarsa kusa da ita a kan tebur. An ce ta wayar sakamakon awon zai zo ranar Alhamis, wataƙila Juma'a.