Teburin da Ya Yi Dako da Kanshi

Jama'a, yau na ga tebur yana tafiya shi kaɗai a sitonmu na Argungu.

Alhaji mai sito ne ya kawo sabon teburin ɗinke buhuna, na ƙarfe mai tayoyi, don tsohon na katako ba ya gusawa. Muka ɗora mai buhunan shinkafa. Direban Birnin Kebbi na waje, ya rantse in azahar ta yi ba mu gama lodi ba, tafiya zai yi.

Ina juyawa in ɗauko basilla, sai tebur ya kama hanya. Malam Garba, tsohon ɗan dakonmu, ya yi tsalle gefe. "A'uzubillahi! Alhaji, abinga akwai mutanen ɓoye ciki."

Ashe daɓen siton gangare ne, don ruwan damina ya riƙa fita. Tebur bai tsaya ba sai gindin mota, kuma ko buhu ɗaya bai faɗi ba.

Na ɗauko dutse zan tokare taya, Alhaji ya ce, "Yar da dutsenga. Ku maido shi, ku sake ɗorawa."

Kafin kiran salla mun gama. Malam Garba dai har yanzu sai ya yi wa tebur sallama kafin ya taɓa shi.