Karo-karon da Malam Ya Ƙi Biya Shi Kaɗai

Jiya ina kakkaɓe shago na tsinci tsohon disket, faifan ajiyar bayanai, da rubutun Malam a kansa, har yanzu da ƙanshin turarensa. Sai na zauna.

Mu masu riƙon tsofaffin ordinater, wato kwamfuta, a Damagaram mun rabu biyu, kowane ɓangare da irin na'urarsa, ko gaisuwa ba ma yi. Malam, dattijo a cikinmu, ya tara mu a zaurensa. Da farko ya zuba shayi. Sannan ya ce a yi karo-karo, a ɗauki mai rubuta lojisiyel, wato manhaja, da zai yi aiki a na'urorin duka.

Na ce, "Malam, kana da hali, ka biya mu huta."

Ya harare ni. "Ɗana, in na biya, na ɓangarena ne. Abin da kowa ya sa wa hannu, ba mai zaginsa."

Haka muka yi, aikin ya kammala, gaisuwa ta dawo.

Yanzu Malam ya rasu, lojisiyel ɗin kuma yana son gyara. Sau uku ina kiran taro, kowa na cewa wancan ɓangaren ya fara ba da nasa kuɗin. Na gaji.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya ara mini haƙurinsa in kira na huɗu.