Injin Sanƙo a Durowar Sama

Duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya san dalilin da ya sa ake ce masa Sai-Ka-Dawo. In ya gama maka aski, ya karkaɗe ƙyallen wuya, ya haska maka ƙeya da ƙaramin madubi, sai ya ce in ka je gida aka ga inda ya karkace, sai ka dawo a gyara, ba ko sisi. Akwai 'yan rainin wayo da ke dawowa bayan gashi ya riga ya tofo, su rantse tun ranar ne bai yi daidai ba. Ya san ƙarya ce, amma sai ya yi murmushi ya nuna musu kujera. Matarsa kan ce wannan ba kirki ba ne, sakarci ne kawai aka sa wa riga.

Shagon ɗan ƙarami ne: kujera biyu, benci ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, sai durowoyi. A ta sama yake ajiye injinan askin mutanen da ba sa son a haɗa su da kowa. Wanda ya fi daɗewa a ciki na Sanƙo ne, mai shagon kayan lantarki a bakin titi. Abin dariya, mutumin da gashinsa ya yi ƙaura tun yana saurayi shi ne ya fara sayen injin kansa. Tare suka tashi, tare suka sha bulala a makaranta, kuma lokacin da aka kwantar da mahaifiyar Sai-Ka-Dawo a asibiti, Sanƙo ne ya yi ta jigilar magani. Duk ƙarshen mako yakan zo a gyara masa gemu da ɗan abin da ya saura a bayan kunne, suna yi suna tsokanar juna. Sai-Ka-Dawo ba shi da ɗan'uwa namiji, kuma bai taɓa jin rashin ba.

Da aka buɗe sabon shagon aski a tsallaken titi, mai sanyi da kiɗa, samari suka kwashe suka koma can. Sanƙo ne ya kawo shawara: a sa na'urar gem, irin ta wasa a talabijin, a gaban benci, masu jiran layi su riƙa buga ƙwallo. Ya ce yana da guda, sabuwa dal a kwali, da garantin shekara. Sai-Ka-Dawo ya saya, shawarar kuwa ta yi. Benci ya cika, har sai ka ga layin mutum ya zo yana cewa a wuce da wani, bari ya rama cin da aka yi masa.

Ba a yi nisa ba na'urar ta fara hali. Ana tsakiyar wasa sai ta ɗauki zafi ta mutu. Sai-Ka-Dawo ya faɗa wa amininsa lokacin da ya zo gyara, yana kan kujera, kumfa a haɓa, ido a rufe. Sanƙo ya ce gashi ne ya shiga, a hure. Da aka hure ba ta daina ba, ya ce a kunna mata fanka. Daga baya wutar layin ce ba ta da kyau, daga nan kuma wakilin kamfanin ya yi tafiya, amma kada ya damu, magana tana hannunsa. Matar ta ce ya ɗauke ta ya dire masa a kan kanta, a gaban jama'a. Ya ce haba, ina amfanin mutum ya ci mutuncin ɗan'uwansa a gaban masu sayayya? Ta ce to, kunyar nan tasa wata rana za ta ci shi da rai.

Shekara na cika da 'yan kwanaki, na'urar ta yi mutuwar da ba ta sake tashi ba. A ranar ya ɗauke ta ya kai. Sanƙo ya juya ta, ya girgiza kai.

“Kash, mutumina. Da ma da wuri ka kawo. Garanti ya ƙare.”

Maganar ta soke shi, amma ya haɗiye. Matar ta matsa masa sai da ya je ofishin kare haƙƙin masu saye. Ma'aikaciyar da ya samu mai kirki ce. Ta ce ƙarewar garanti ba ita ce ƙarshen magana ba, in dai cutar tun farko take, yana iya kai ƙarar wanda ya sayar masa. Ta tambaye shi ko yana da shaidar ya yi ƙorafi a kan lokaci. Ina shaida? Daga shi sai Sanƙo sai madubi. Da ta ce duk da haka a gwada, ya miƙe ya ce zai yi tunani. A hanya har uzuri yake nema wa mutumin: kasuwa ta yi wuya, mantuwa ce, ɗan Adam ajizi ne. Ya ɗora na'urar a kan kanta, ya riƙa jera tawul a kanta.

Wata rana wani mai kai saƙo a babur ya shigo aski. Yana jira ya hango ta, ya nemi ya duba. Ya juya ta, ya tsura wa kusurwa ido, ya sa farce ya ɓare ɗan tambarin shagon Sanƙo da ke manne a wurin. A ƙarƙashi robar ta narke. Ya tuntsire da dariya, ya ce wallahi tasa ce, wannan tabon dutsen gugar matarsa ne. A wannan shagon na bakin titi ya saya, tana mutuwa a tsakiyar wasa, ya mayar. Mai shagon ya fara kawo masa zancen fanka, shi kuwa ya tsaya a ƙofa ya yi ta ɗaga murya har mutane suka taru. Nan take aka ba shi sabuwa.

“Baba, ai mai shiru shi ake ɗora wa kaya,” in ji shi, yana gyara zama.

Sai-Ka-Dawo ya kashe injin da ke hannunsa. Na'ura ai abin banza ce, ana sayen wata. Abin da ya ƙona masa rai shi ne zaɓarsa aka yi. Sanƙo ya dubi duk mutanen da ya sani, ya ɗauki wanda ya tabbata ba zai taɓa tsayawa a ƙofarsa ya yi ihu ba. Sannan mako bayan mako ya zo ya miƙa masa wuya, ya lumshe ido, yana jiran shekara ta cika.

Ƙarshen mako Sanƙo ya shigo da tsokanarsa kamar kullum. Sai-Ka-Dawo ya amsa gaisuwa, ya ɗaura masa ƙyalle, ya yi masa gyaran da bai taɓa yi wa kowa irinsa ba. An kwashe tawul daga kan na'urar, narkakkiyar kusurwar tana kallon madubi. Sanƙo ya buɗe ido ya gan ta, surutun ya tsaya cak.

Da aka gama, Sai-Ka-Dawo ya goge injin da buroshi, ya ɗiga masa mai, ya naɗe wayar a hankali. Bai buɗe durowar sama ba. Ya sa shi a leda ya ɗora wa mai shi a cinya.

“Ya lalace ne?” Sanƙo ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

“Lafiyarsa ƙalau. Na riƙe maka shi da amana.”

Ya haska masa ƙeya da ƙaramin madubi, ya karkaɗe ƙyalle. Sanƙo ya kai bakin ƙofa ya tsaya, leda a hannu, yana jiran kalmar nan da ake faɗa wa kowa, har da maƙaryata. Sai-Ka-Dawo ya kaɗe kujera, ya dubi benci, ya ce na gaba ya taso.